Littattafai Biyu a Ƙasan Jakarki

Zuwa ga autata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Baure lafiya, ke da jikana, maigidana Halifa. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ki da hedimasta mai tsoron Allah da maƙwabta na gari, ya sa wannan aikin koyarwa da kika fara ya zame miki alheri duniya da lahira.

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Na san ya fito ɓaro-ɓaro kamar na 'yan aji ɗaya, idon ne ya ƙi, sai na kawo takarda bakin hanci nake ganin layi. Da baki ya kamata in gaya miki, to kin san halina, in abu ya dame ni na buɗe baki, faɗa ke fitowa maimakon magana. Waya kuwa ban yarda da ita ba, kana magana duk tsakar gida an kasa kunne.

Ranar da kike haɗa kaya kin ce mini, "Inna, an ce makarantar tana da kwalin littattafan jaruman nan masu tashi sama, wanne zan fara ba yara?" Na ce ki ƙyale ni kaina ke ciwo. Ba ciwon kai nake ba, amsar ce ta yi mini tsawo. Ki zazzage jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa za ki ga wasu tsofaffin littattafai biyu a leda. Kada ki ba kowa su sai kin kai ƙarshen wannan takarda. Kuma ki sani, duk abin da zan faɗa a kan 'ya'yan mutane, zuciyata tana kan yaro ɗaya ne. Na ba ki riƙon ɗan yayanki domin ya fi ƙarfina, ina tsoron hanyar da ta ɗauke ubansa ta ɗauke shi. In karatu bai zaunar da Halifa ba, ban san abin da zai zaunar da shi ba.

Lokacin da aka fara kawo mana irin waɗannan littattafan a firamarenmu ta nan Zango, ni aka damƙa wa makullin kabad. Sababbi fil, da ƙamshinsu, kowanne an raba shi babi-babi, ga hoton wani ƙato a bango ya ɗaura 'yar alkyabba a wuya yana keta gajimare. Sai na dubi hannuwan yarana, wannan da man ƙuli, wancan da majina, na ce ina! Na jera su na datse, don in masu duba makarantu sun zo su ga Malama Hajara ta iya adana kayan gwamnati. Yara kan leƙa ta tsagar ƙofar kabad ɗin, in daka musu tsawa. Muka tafi dogon hutu da damina. Da muka dawo na buɗe, sai ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Mutane kan ce an yi gudun gara an tadda zago, ni garar ce ma da kanta na tadda. Fiye da rabi sun tafi, ba yaron da ya karanta ko layi ɗaya a cikinsu.

Don haka ranar da aka ba ki makulli, ki buɗe ki jefa shi a jaka ki manta da shi. Ki bar yara su tafi da littafi gida. Zai dawo da tabon miya, zai dawo ba bango, wani ma akuya za ta ɗanɗana gefensa. Ki nemi allura da zare da ɗan ƙaro ki riƙa ɗinkewa. In mai dubawa ya yi miki faɗa ki sunkuyar da kai ki ba shi haƙuri, ba ya kwana a garin.

Game da zaɓi, kada bango ya ruɗe ki. Ki karanta kowanne da kanki tun daga farko har ƙarshe kafin ya shiga hannun yaro, kuma ki riƙe wannan maganar, za ki ga dalilinta a gaba. 'Yan aji uku ki nema musu mai gajerun babi, wanda za ki gama ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Ki karanta da Turancin kaɗan, ki juya musu da Hausa, ki sauya murya, mugu ya yi maganar mugaye, kada ki ji kunyar kowa. In kin kai inda jarumi ke reto a bakin rami, ki rufe ki ce lokaci ya yi, ki bar littafin kan tebur ki fita kamar kin manta. Wanda kika dawo kika tarar yana fama da haruffa yana gumi, shi za ki fara ba aro. Jarumin da ba ya da magani sai naushi ki ajiye shi can ƙasa, in ba haka ba ranar za ki wuni rabon faɗa. Ki nemi wanda yake da gida, uwarsa tana aikensa, yana jin tsoro, yana kuskure a yi masa faɗa. Kuma in akwai wanda jarumar mace ce, kada ki yi irin tawa, da na yi shekaru ina miƙa wa maza ina cewa 'yan mata su yi shara.

Kuskurena na biyu tsoro ne ya jawo shi. Bayan ɓarnar gara na fara ba da ragowar. Ba a yi nisa ba wani yaro, Sale, ya ɗaura zanen uwarsa a wuya, ya hau katangar gidansu, ya ce wa ƙannensa su kalle shi. Ya sauko a kan turmi, hannu ya karye. Washegari ubansa Alhaji Mati, dillalin shanu, ya shigo mini aji ko sallama babu, yana kaɗa littafin a sama.

"Malama, ke kika ba ɗana littafin aljanu? Mun kawo shi boko ya koyi lissafi ya taya ni a kasuwar kara, ke kuma kin koya masa shi shaho ne!"

 Na ba shi haƙuri, na tattara littattafan duka na mayar kabad har shekara ta ƙare. Saboda hannun yaro ɗaya, wanda mai ɗori ya gyara cikin 'yan makonni, na hana aji guda. Sai daga baya na gane inda matsalar take. Yaranmu sun san tatsuniya sarai, ba wanda ya taɓa shiga daji neman kura mai magana, domin ana buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus. Amma rubutu fa? Tun yaro yana rarrafe muke koya masa girmama abin da aka rubuta, ko takarda ya gani a ƙasa ya ɗauke ya saƙale a bango. To ga malamarsa ta miƙo masa rubutu an ce mutum ya tashi sama, me zai hana shi yarda? Ke dai duk ranar da za ki buɗe irin wannan littafi, ki fara da ga ta nan ga ta nanku, su amsa miki, in kin rufe ki ce ƙurunƙus. In uba ya zo da fushi ki shimfiɗa masa tabarma, ki gaya masa tatsuniyar Turawa ce aka sa a takarda don ta ja yaro ya iya karatu. Yawancinsu za su sauko, wanda ya ƙi ki ƙyale masa ɗansa, kada ki hukunta sauran.

Yanzu na iso inda nake ta kewaye-kewaye.

Kin tashi kin tarar ban taɓa kiran sunan yayanki ba. Ɗan fari ne. "Wannan", "yaron nan", "kai", da su na raine shi. Haka uwata ta yi wa babban wanmu, haka tata uwar ta yi. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban yabe shi ba, in ya faɗi sai dai wata ta ɗaga shi. Ba wanda ya zarge ni, yabo ma nake sha, ana cewa Malama akwai kunya, akwai kara. Sai Allah ya kawo shi ajina, aji huɗu. Kunya ta zame mini biyu, ga ta ɗan fari, ga gudun a ce malama tana fifita ɗanta. Na ajiye shi a bencin ƙarshe. In ya ɗaga hannu sai in dubi taga.

A shekarar ne na sake fito da littattafan, kuma cikinsu akwai wani labari da aka raba littafi uku, wanda yara suka haukace a kansa. Labarin wani yaro ne ɗan talakawa da aka ba baiwa: duk inda wani ya shiga uku ya kira sunansa, ko a bangon duniya yake, zai ji, kafin mai kira ya rufe baki ya iso. A ƙarshen littafi na biyu maƙiyinsa ya rufe shi a wani rami can ƙarƙashin ƙasa inda sauti ba ya kaiwa. Gari ya rikice, kowa ya kira ya gaji. Sai uwarsa ta fito ƙofar gida ta buɗe baki. Nan littafin ya tsaya.

Bi da bi nake ba da aro, kuma kullum yayanki ne na ƙarshe. Na ɗaya da na biyu sai da suka zama tsumma suka kai hannunsa, ya karanta su a gindin darbejiyar ƙofar gida har ana kiransa cin tuwo ba ya ji. Na uku kuwa ya jira shi zango guda cur. Duk ranar Juma'a in an tashi sai ya tsaya nesa da teburina, hannu a baya.

"Malama, ya zo kaina?"

"Da saura."

Littafin nan fa a jakata yake kwana wani lokaci, a ɗakin da yaron yake kwana. Wani abokinsa ma ya ce ya bar masa layinsa, na ce ban yarda ba. Wadda ke gabansa a layi wata yarinya ce 'yar Fulani. Ta karɓa ranar Alhamis, kafin Litinin an gama girbi, rugarsu ta tashi da shanu, littafi ya bi su. Da ya zo ranar Juma'a na ce, "Ya ɓata. In ka je gida ka ɗebo ruwa." Ya ce, "To." Daga ranar ban sake ganinsa da littafin da ba dole aka yi masa ba. Ni kaina ban karanta na ukun ba, ina ta cewa sai an yi hutu, don haka ko da baki ban iya gaya masa yadda aka ƙare ba.

Ban ce littafi ne ya kai yayanki hamada ba, kada ki ɗauka tsufa ya taɓa mini hankali. Rashi ne ya kai shi. Kin ga yadda ya yi acaba, ya yi ɗan saye da sayarwa a Kongolam, aka rufe boda kasuwar ta mutu, ga mata ga jariri. Dubunsa sun tafi waɗanda iyayensu suka yi ta lallashinsu. Amma ina yawan tuna cewa akwai shekara ɗaya da yaron nan ya so wani abu da ke hannuna, abin da ba sai na saya ba, na hana shi don kada a yi da ni. Waɗanda na ji wa kunyar yau ko sunayensu ban iya tunawa.

Ranar da zai tafi kina makarantar kwana. Ina tankaɗe a tsakar gida ya zo ya tsuguna.

"Inna, zan wuce. Motar Kongolam ta kusa cika."

Na ce, "Allah ya tsare," ban ɗaga kai daga rariya ba.

Ya daɗe a tsugune. "Ba abin da za ki ce mini?"

"Ka riƙe salla."

Ya yi 'yar dariya ya tashi. Sauran kin sani, ke kika amsa wayarsa ta ƙarshe daga wani gari cikin rairayi, ya ce gobe za su shiga mota, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Matarsa ta jira har alƙali ya raba auren, ta yi wani, Halifa ya zauna wurina. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana tambayar ko an ji labari.

Littattafan da ke jakarki su ne na ɗaya da na biyun. Da na yi ritaya na tsince su cikin tarkacen da za a ƙona, na jefa a akwati. Daminar bara maigidan nawa Halifa, mai hannu kamar na ɓera, ya tono su. Ya dame ni sai na karanta masa. Na riƙa kanga takarda a ido ina juya masa da Hausa, babi ɗaya kullum bayan la'asar, kuma ban ɓoye miki ba, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na ce ga shi Allah ya ba ni dama in gyara. Da muka kai ƙarshen na biyu na rufe na ce ƙurunƙus.

Ya ce, "Inna, to ta kira shi?"

"Ban sani ba, maigida. Na ukun ya ɓata tun kafin a haife ka."

"Ai ta kira. Uwarsa ce fa." Ya shiga tona ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Inna, ke kin kira Babana?"

Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, miji ba cefane sai surutu."

"Wallahi Inna ba wasa nake ba. Ni na gwada, na hau katanga na ce Baba, Baba, bai ji ba. Ai kowa ma Baba ne. Sai an faɗi sunansa na gaskiya, ni kuma bai kyautu in faɗa ba, ubana ne. Ke kika haife shi. Ki faɗa sau ɗaya tak."

"Ba a yi."

"Wa ya hana?"

Rabi'atu, na koyar da yara fiye da rabin rayuwata, amma ranar sai na juya wa yaro baya. Na tashi na shiga ɗaki. Ga ta nan ga ta nankun da nake taƙama da ita ba ta yi mini rana ba, domin yaron ya san mutum ba ya tashi sama, abin da bai gane ba shi ne uwar da ba ta kiran ɗanta.

Daga nan ya daina kawo mini littafi. Ya koma zaman tasha yana tambayar direbobi ko sun ga wani dogo mai tabo a goshi. Kin tuna ranar da wani direba ya dawo mana da shi daga tashar Daura, da jakar makarantarsa da ƙuli-ƙuli a ciki, yana neman motar Kongolam. Mata suka cika gidan ana barka, na ji wata tana cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da wasa ta faɗa, ni kuwa har yau maganar tana ci na.

Ga shi nan na ba ki. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sa rai sosai ba. Za ki tarar da aji cike maƙil, rabi a ƙasa, ba alli, ranar kasuwa ba kowa. Yara suna ganin waɗanda suka yi karatun suna zaune a gindin bishiya, suna ganin wanda ya dawo daga arewa da babur sabo, ba sa lissafa waɗanda ba su dawo ba. Me ɗan littafi mai bangon kwali zai yi da wannan? Wataƙila ba komai. Amma shi kaɗai na iya, shi kaɗai nake da shi da zan ba ki.

In ya faɗo ajinki, ki sa shi a gaba. In littafi ya zo, ya fara karɓa. Za a ce malama tana son kai, ki bar su su faɗa, bakinsu ne. Ki kira sunansa da ƙarfi a gaban kowa, in ya karanta layi ɗaya daidai ki yabe shi har ya ji kunya. Ke ba ki haife shi ba, ba abin da ya ɗaure miki harshe, kuma ranar da Allah ya ba ki naki na fari, ki tuna da wannan takarda. Cikin kwalin makarantarku ki nema masa labarin da jarumi ya yi iya ƙoƙarinsa bai ceci wani ba, ya dawo gida ya yi kuka, gari ya waye ya sake fita. Irin wannan yake bukata yanzu. Kuma kada ki fara masa labarin da ba ki da ƙarshensa a hannu.

Waɗannan biyun kuwa, na rasa yadda zan yi da su. Na ɗauki ashana sau biyu na ajiye. Ki ɓoye su har ya tambaya. In ya tambayi yadda aka ƙare, kada ki ƙirƙira masa cewa jarumin ya fito, kada kuma ki ce ya mutu. Ki ce ba mu sani ba, domin gaskiyar ke nan, a littafin da wajen littafin.

Saura abu ɗaya. Jiya bayan la'asar, da motarku ta tashi, gidan ya yi mini faɗi. Na ɗauki sanda na bi ta bayan gari har gonar mahaifinku. An gama yankan gero, ba komai sai kara a kwance. Na duba ba kowa sai wani makiyayi can nesa. Na juya arewa. Sau biyu ina buɗe baki yana rufewa, na uku ya fito, da wata murya kamar ba tawa ba. Na kira, na sake kira, har makiyayin ya waiwayo. Na tsaya har rana ta yi ja. Ba wanda ya zo, dama na san ba mai zuwa. Sunan dai ya yi mini daɗi a baki, ban taɓa sanin haka yake ba, ni da na yarda aka raɗa masa shi.

Ki gaya wa Halifa Inna ta kira. Ki ce masa ba sai ya je nema ba, an riga an kira, shi aikinsa ya zauna ya yi karatu, ko da za a zo a same shi a gida.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya raya Halifa, ya zaunar da ƙafarsa, ya sanyaya zuciyarsa. Ɗana Kabiru kuma, in yana raye Allah ya kai masa kiran, in ya riga mu Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini. Kabiru. Ga shi na rubuta, ki nuna wa yaron ya karanta da kansa.

Wassalam. Taki har kullum,
Innarki, Hajara
Zango